Baƙin Ruwa Ya Riga Saƙon Baba

Na bar Baba yana tari, irin tarin da ke yanke magana a tsakiya. Shi ya sa kafin in yarda da tafiyar nan sai da na sa yayana Hamidu ya yi min alkawari a gaban Baban: duk ranar da ciwo ya yi tsanani zai kira ni, in ajiye ko me nake yi in dawo. Ban nemi komai ba bayan wannan. So nake in sake ganin ubana da rai, in kuma Allah bai nufa ba, in kasance cikin waɗanda za su sa shi a kabari da hannunsu. Hamidu ya ce ya ɗauka. Baba ya yi dariya, ya ce mun cika gaggawar binne mutum tun yana cin tuwo.

Sunana Sumana, ɗan masunta daga Garou. Na yi lakwal, wato makaranta, a Malanville, na yi jami'a a kudu, na dawo ina koyar da kimiyya. Shekara huɗu ina taya wasu masanan taurari tantance hotuna kyauta ta intanet, ina fama da rezo, wato layin sadarwa, mai zuwa in ya ga dama. A ƙarshe suka gayyace ni wata shida zuwa wani dutse a Kudancin Amurka, inda suka kafa babban madubin hangen sama. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Mutanenta ba su yi min laifi ba, takardunta ne suka yi.

Aikin shi ne farautar taurarin da suka fashe, waɗanda ake kira sufanoba. Akwai wani irinsu da duk lokacin da ya fashe, ƙarfin haskensa kusan ɗaya ne. Haka na yi wa Baba bayani a bakin kogi: masuntanmu duk tocila iri ɗaya suke saye a kasuwar Malanville, shi ya sa in ya hangi haske a kan ruwa, da dusashewarsa yake gane nisan kwale-kwalen. Da masana suka auna waɗannan taurarin, sai suka ga na nesa sun fi dusashewa yadda bai kamata ba, suka gane sararin nan faɗaɗa yake yi kuma saurinsa ƙaruwa yake. Abin da ke tura shi ba wanda ya sani. Sai suka raɗa masa makamashin duhu, don mai ilimi in bai san abu ba, suna yake fara yi masa.

Na ƙara da cewa hasken da muke gani ya daɗe a hanya, tauraron ya mutu tun ba a yi mutane ba. Na zaci zai yi mamaki. Ko gezau.

"Mi as sabo nan?" in ji shi. "Baƙin ruwan da ka iske mu cikin sanyi, ai watanni ke nan da ya sauka can wata ƙasa. Damina ta mutu, ruwanta na tahiya."

Kogin nan sau biyu yake cika a shekara: jan ruwa na daminarmu, sai baƙin ruwa, garai-garai, mai zuwa daga nesa cikin sanyi. Baba ya san ranakunsa kamar yadda ya san sunayen 'ya'yansa. Da maganarsa ake dasa albasa a bakin ruwa, kuma ban taɓa jin ya kuskure ba.

Kwatano ce zangon farko, kuma nan na fara koyon wulaƙanci. Na sauka daga motar Parakou da takardar gayyata a cikin leda, ina jin kaina wani abu. A ƙofar wani ofishin tafiye-tafiye na haɗu da wani mutum mai jar jaka, ya ji Hausata ya rungume ni, wai shi ma ɗan wajenmu ne, kakarsa 'yar Gaya ce. Ya ce ƙasar da zan je ba ta da ofishin jakadanci a nan, amma shi yana da hanya, ba sai na wahala ba. Na miƙa masa fasfo da guzurina, ni da na yi digiri a kan auna abu kafin a yarda da shi. Sati uku yana ce min gobe. Ina kwana a shagon wani mai gyaran moto, wato babur, ina tashi da warin baƙin mai a jikina. Ranar da na ritsa shi a wani gidan abinci, sai ya ciro fasfon daga aljihun baya, ya lanƙwashe, babu komai a ciki sai tabon miya. Ya ce in gode wa Allah da bai sayar ba. Na shaƙe shi, aka raba mu, kuma ni aka ba laifi.

Duk wannan na zazzage shi cikin waya na tura wa Hamidu, na ce ya kunna wa Baba. Haka muke yi, tunda Baba ba ya karatu: in yi magana in tura, shi ma ya yi magana a turo. Ban rage komai ba, har tabon miyar. Ni mutum ne da in na yi fushi sai kowa ya ɗanɗana.

Zango na biyu wani babban birni ne na bakin teku a wata ƙasa, kwana ɗaya da yini a mota, inda ofishin jakadancin yake. Sau biyar na tsaya a gaban tagar gilashi guda. Mutumin da ke bayanta bai taɓa ɗaga kai ya dubi fuskata ba, hannuna kawai yake gani yana turo takarda. Ranar farko hotona ya yi duhu. Ta biyu, takardar haihuwata ta ce an haife ni "wajajen" shekara kaza, shi kuma bai san mutumin da aka haifa a wajaje ba. Na ce masa a garinmu uwa ba ta haihuwa da agogo a hannu. Ya rufe tagar. Ta uku ya tambaye ni me mai kamun kifi zai yi da taurari, ya kuma yi tambayar ne da gaske, yana jiran amsa. Na haɗiye abin da ya zo bakina, don na ga wata tsohuwa da ta ɗaga murya an raka ta waje.

A karo na biyar ya buga hatimi. Biza ta shiga ɗaya ce. Ya nuna min da bakin biro: in na fita daga ƙasar ko na kwana ɗaya ne, ta mutu, sai in dawo gaban wannan tagar in fara daga farko. Wannan ma na tura gida, har da kwaikwayon muryarsa. Na ce wa Baba wallahi na gwammace in mutu da in sake tsayawa a wurin. Na tuna kalmomin sarai, don daga baya an maimaita min su.

Zango na uku filin jirgi ne a Turai, inda ya kamata in yi awa huɗu na yi kwana biyu. Wani ɗan sanda ya juya fasfona sama da ƙasa, ya ga lanƙwasa, ya ga tabon miya, ya ce sai sun bincika. Jirgina ya tashi ina kallo. Suka ajiye ni a wani ɗaki mai kujerun ƙarfe, sanyi yana ratsa ƙashi, aka cire min bel da igiyar takalmi kamar ɓarawon shanu. Ba wanda ya zage ni. Da ladabi suka yi komai, kuma wannan ya fi ƙona min rai, don ba ka samun inda za ka kama.

Da safe wata mai shara ta shigo, dattijuwa, tana gunguni ita kaɗai. Kunnena ya tsaya, don Zabarmanci take yi. Na gaishe ta da Dendi, yarenmu mai kama da nata. Ta saki tsintsiya ta dube ni tsaf.

"Ɗan wane gari?"

"Garou, Inna."

"Wayyo. Mi ya kawo ka hannun waɗanga?"

Ba ta jira amsa ba. Ta fita ta dawo da kwanon abincinta na rana, shinkafa da busasshen kifi, da wata rigar sanyi mai warin sabulun wanke ƙasa. Ta tsaya a kaina sai da na cinye. Ban san sunanta ba har yau. Rigar tana nan a akwatina.

Dutsen shi ne zango na ƙarshe. Ƙasa ce ja, tsirara, ba ciyawa, ba tsuntsu, ba ko kududdufi. Ni da aka haifa ina jin motsin ruwa, na zo inda ake kawo shi a tanka. Iskar wurin ba ta cika ƙirji, hancina ya yi jini sati guda. Abokan aiki suka ce Sumana ya yi musu tsawo, suka mai da ni Sam, mutanen da ke haddace sunayen taurari masu lamba goma sha biyu.

Mutane na zaton da dare nake aiki. Madubin ne ke kwana a farke, ni nawa da safe ne. Na'ura tana ɗaukar sabon hoton wani yanki na sama, ta ɗora shi a kan tsohon hoton wurin, ta cire duk abin da yake iri ɗaya. Abin da ya rage shi ne sabo. Yawanci shara ce: ƙura, ko tauraron ɗan Adam da ya gitta. Ni ne mai tsince sharar, ɗigo bayan ɗigo har idanuna su yi yaji, ina neman wanda yake tauraro ne da ya fashe da gaske. In an samu, sai a bi shi sati da sati ana auna yadda haskensa ke hawa da sauka. Shugabar aikin, wata farfesa da zan kira Madam Ines, doka ɗaya gare ta: kada ka yarda da hoto guda, sai ka gwada shi da wani. Mace ce mai tsauri amma ba ta da ha'inci, kuma ita kaɗai ce ta koyi faɗin sunana.

Abin da ya riƙe ni a wurin shi ne Juma'a. Duk Juma'a saƙon Baba ke zuwa, kuma kullum da labarin kogi yake farawa. "Sumana, ina gajiya. Jan ruwa ya hwara janyewa, giyayyar bakin mashaya ta hito har gindi." Sai ya yi tari, ya ce jiki da sauƙi, ya sa min albarka. A farko yakan amsa abin da na tambaya, har ya tsokane ni kan hancina mai jini. Da na nemi mu yi magana kai tsaye, Hamidu ya ce rezon Garou ya lalace, sai dai Baba ya yi maganarsa a ajiye, shi kuma ya turo in ya shigo Malanville. Wata rana ya ce Baba na barci. Wata rana ya ce lokacinmu ba ɗaya ba ne. Na yarda, don saƙon bai taɓa fashi ba, kuma murya ce ta Baba, ba ta wani ba.

Cikin wata na huɗu na tsinci wani ɗigo da na'ura ta jefar cikin shara. Aka juya madubi a kansa, ya tabbata, kuma yana cikin mafiya nisa da aka samu a zangon. Madam Ines ta ce ni zan bi shi har ya dusashe. Na tura wa Baba labarin ina rawar jiki. Juma'a ta zo, ya ce: "Sumana, ina gajiya. Baƙin ruwa bai iso ba tukuna, da saura sati ukku. Albasa ta yi kyau bana." Bai ce komai kan tauraron ba. Na ji haushi, amma na ce tsufa ne.

Washegari ƙanwata Zainabu, wadda ke aure a Madécali, ta turo min hoto. Gonar albasar mijinta ce, ruwa ya shanye ta, kan ganye kawai ake gani. Ta biyo da murya: "Yaya, ka ga abin da ya same mu. Baƙin ruwa ya yi sammako bana, tun sati biyu. Na Garou ma sun tahi, har ta Yaya Hamidu."

Na saurari nata, na koma na saurari na Baba. Kwana ɗaya ne tsakaninsu. Baba yana iya manta sunan jikansa, amma ba ya zama a Garou ruwa ya ci gonar ɗansa ya ce bai iso ba.

Sai na yi abin da aka koya min. Na kwashe saƙonnin duka na zuba a kwamfutar aiki, na jera su bi da bi, na rage muryar Baba don in ji abin da ke bayanta. Na farko-farko kowanne da nasa: wani da kaji, wani da ruwan sama a kan kwano, wani da mata na daka. Daga na bakwai zuwa sama, baya ɗaya ne. Injin niƙan maƙwabtanmu ne ke aiki, mai shaƙewar nan, da kurciya guda. A ƙarshen wani saƙo, wani moto mai fasasshen salansa ya taho yana ƙara, saƙon ya yanke kafin ya wuce. Na buɗe na Juma'ar da ta biyo baya. Ga moton nan a farkonsa, yana ƙarasa wucewa.

Moto ba ya yin sati guda yana wuce ƙofar gidanmu; zama ɗaya aka naɗi saƙonnin nan. Na zauna ina kallon allon. Sai na koma na duba tun yaushe rabon da Baba ya amsa tambaya ko guda da na yi masa. Sati tara. Ni da ake yabo kan ganin ɗigon da na'ura ta kasa gani, sati tara ina hira da abin da aka naɗa.

Na fita waje inda iska ke kaɗawa, na kira Hamidu. Ya ɗauka, ina jin hayaniyar kasuwa.

"Ba ni Baba."

"Ina Malanville, Sumana, in na koma..."

"Hau moto ka tahi. Ina riƙe da waya. Ko awa biyu ta, ina jira."

Hayaniyar ta yi nisa, na gane ya koma gefe.

"Yaushe?" na ce.

"Ran Talata, sati takwas ke nan. Da hantsi. Bai wahala ba."

"An yi arba'in?"

"An yi."

Abin da na faɗa wa yayana a ranar ba zan rubuta ba. Na kira shi maci amana, na kira shi abin da ya fi haka. Na ce gaban Baba ya ɗauki alkawari. Ya bar ni sai da numfashina ya ƙare, abin da ba ya daɗewa a kan dutsen nan.

"Ka gama?" in ji shi. "To ji. Kana isa dutsen nan ya kwance alkawalin ga, ya ɗaura mani wani. Kai kuma ka ba shi igiyar. Duk abin da anka yi maka, ka aiko, ina kunna mishi. Mai jar jaka, taga, ɗakin sanyi. Wanda kac ce ka gwammace mutuwa da ka koma gaban gilashi, sau ukku ya sa ni maimaita shi. Ya ce in anka kira ka, za ka taho, kuma in ka taho ba ka komawa, ya san zuciyarka. Da ya ji jiki ya ƙi, ya amshi wayata portabul, ya kore ni waje, yini biyu shina magana cikinta. Ya ce in sa ma saƙonnin lamba, in riƙa aiko ɗaya duk Juma'a."

"Kuma ba ka ji ya ce ruwa bai iso ba? Gonarka na cikin ruwa!"

"Ban taɓa buɗe ko guda ba." Muryarsa ta karye. "Ban iya jin muryatai, Sumana. Lamba kawai nike dubawa in tura."

Na rasa wanda zan kama. Hamidu ya bi umarnin uba. Zainabu an ce ta yi shiru, ta yi, ruwa ne ya tona. Garou gaba ɗaya ta sani, don haka ake yi a wurinmu: ba a kai wa matafiyi labarin mutuwa sai ya ajiye kaya. Na girma ina ganin ana yi wa wasu, har na taya ɓoyewa sau ɗaya, ban taɓa tunanin za a juyo da shi kaina ba.

"Saura tara," in ji Hamidu. "In turo maka su duka?"

"Yadda yac ce," na amsa. "Juma'a Juma'a."

Madam Ines ta ce in ina son tafiya za ta sa a kai ni filin jirgi a ranar, amma ba ta ɓoye min cewa ba ta da ikon dawo da ni ba. Na ce ina nan. Ba haƙuri ba ne, fushi ne. Me zan je in tarar? An wanke shi, an sallace shi, an rufe, an ci masar sadaka, duk ina nan ina tura masa labarin hancina. Tunda an sayi watannin nan da abin da na fi so a duniya ba a tambaye ni ba, na rantse sai na cinye su tas.

Mai dafa mana abinci wata tsohuwa ce, Marta. Ba ma jin yaren juna sosai, amma ta ga na bar kwano sau uku, ta zo ta zauna kusa da ni. Da hannu da 'yan kalmomi na nuna mata cewa a garinmu ana soya masar gero a raba in an yi rashi. Babu gero, babu tanda. Ta kwaɓa fulawa ta soya wani abu mai kama da fanke, muka cika tire biyu, na bi teburi ina rabawa. Wani saurayi daga cikin masanan ya zaci ranar haihuwata ce, ya fara tafi, sauran suka kama. Marta ta buga ludayi a kan tukunya da ƙarfi, ta faɗi kalma uku da yarensu. Tafin ya tsaya. Sadakar ubana ke nan da na samu yi.

Na bi taurarona har ya dusashe. Ya zama ɗigo ɗaya a cikin wani zane mai ɗigo da yawa, kuma har yanzu ba a san mene ne makamashin duhu ba. Juma'a kuwa ba ta fasa ba. Baba ya ci gaba da ba ni labarin kogi, yana bayan gaskiya da sati biyar, yana cewa jiki da sauƙi. Nakan saurara ina masa tsawa a ɗaki ni kaɗai. Na takwas ya zo. Na tara Hamidu ya ƙi turowa, ya ce Baba ya ce wannan sai a gida.

Na sauka Malanville cikin zafin bazara. Hamidu na jirana a tasha da moto, ya rame, gemunsa ya yi fari a gefe. Muka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a kotu. Ya kai ni maƙabarta, ya nuna min tudun da ciyawa ta riga ta bushe a kai. Na yi addu'a, amma ban ji komai ba sai zafin ƙasa a tafin ƙafata. Daga nan ya wuce da ni mashaya, ƙarƙashin giyayya, inda kwale-kwalen Baba ke kife. Ya miƙo min wayar, ya juya zai tafi. Na kama rigarsa na ce wannan karon sai ya ji.

Injin niƙa ne ya fara, sai kurciya, sai tari.

"Sumana. In kana jin wagga, to ka iso, kuma ka sani. Kak ka taɓa Hamidu, ni nis sa shi. Na ji abin da anka yi maka bakin tagogin nan, ɗai-ɗai na ji. Ban haihe ka ba dan ka tsaya wurin sau biyu saboda gawa. Kai da bakinka kac ce mani tauraro na mutuwa ku kuna nan kuna awon haskenai, kuma ban ji kun ce mishi maƙaryaci ba. Ka yahe mani. Yanzu ɗaga kanka ka duba. Ruwa ya janye, gungu ya hito, an ƙetarar da awaki. In ban yi daidai ba, ka yi mani dariya."

Na ɗaga kai. Tsibirin yashin yana nan a tsakiyar kogi, fari tas, awaki na yawo a kansa.

"Wannan ka yi daidai," na ce wa wayar. "Amma baƙin ruwa ka kuskure shi, Baba. Da sati biyar ka kuskure shi."

Hamidu ya durƙusa a jikin kwale-kwalen, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa.

Na yafe wa Baba a wurin, da ƙarfi, Hamidu shaida ne. Shi ma Hamidun na yafe masa kafin mu kai gida. Yafe wa bakina ne ya ɗauke ni lokaci, don shi ya kai wa Baba labarin. Saura mutum ɗaya. Yana can bayan gilashinsa, yana tura wa wani takarda ba tare da ya ɗaga kai ba. Bai san fuskata ba, bai kuma san ya hana ni binne ubana ba, kuma shi ban yafe masa ba.